Harshen Da Ke Hana Jirgi Karo Da Jirgi

A wannan mako filin namu zai bi layin dogo ne zuwa ƙasar Kagarko ta Jihar Kaduna, inda ranar Talata 26 ga watan Agusta na 2025 jirgin fasinja da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ya goce daga kan dogo dab da tashar Asham. Mutum 618 ne a cikinsa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, ko da yake taragu sun tuntsure, waɗansu fasinjoji kuma sun ji raunuka. Bayan 'yan makonni sai hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ta fitar da rahotonta na farko. A cikin rahoton akwai wata magana wadda yawancin mutane suka karanta suka wuce, alhali kuwa ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Hukumar ta ce na'urar da ke sauya layi da kanta a wannan tasha ba ta aiki, da hannu ake sauyawa, sa'an nan a danne layin da wani maƙalin ƙarfe, shi kuma maƙalin an tarar da shi a karye.

Dalilin muhimmancin wannan magana shi ne, layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ranar 26 ga Yuli 2016, layi ne guda ɗaya tak. Jirgin da ya taso daga Idu da wanda ya taso daga Rigasa kan dogo ɗaya suke tafiya, suna fuskantar juna, ba su da wurin da za su wuce juna sai a tashoshin da aka yi wa layi biyu, kamar Asham da Jere. A irin waɗannan tashoshi akwai masauyin layi, watau waɗansu ƙarafa biyu masu motsi da ke karkata ƙafafun jirgi dama ko hagu, akwai kuma sigina mai gaya wa direba ya tsaya ko ya wuce. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya yana cin kusan mita 28 a kowane sakan, ba shi kuma da sitiyarin da zai kauce. Saboda haka ran duk wanda ke cikin tarago ya rataya ne ga doka ɗaya: kada sigina ta nuna kore sai masauyi ya zauna daram an kulle shi, layin gaba kuma babu kowa a kansa. Wanda ke tsare wannan doka, da harshen da ake rubuta masa ita, su ne zancenmu na yau.

Mutanen kudancin Kaduna ba baƙin reluwe ba ne. Tun 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna ta Kafancan, daga nan kuma reshe ya hau zuwa Jos, har ya zama garin Kafancan da hayaƙin jirgi ya girma. Ma'aikatan wancan zamani an hore su ne bisa tarbiyyar reluwen Ingila, ita kuwa wannan tarbiyya da jini aka saye ta. Tun 1856 wani Bature John Saxby ya yi rajistar dabarar sarƙafa hannayen ƙarfe na ɗakin sigina, ta yadda hannun da ke buɗe sigina ba zai jawu ba sam sai an riga an ja na masauyi zuwa inda ya dace, in kuma an buɗe siginar, hannun masauyi ya kulle ke nan sai an mayar da ita. Kamfanonin jirage suka yi ta jan ƙafa saboda tsada, har ranar 12 ga Yuni 1889 taragu suka ɓalle suka gangaro a Armagh ta ƙasar Ailan suka yi karo da jirgin da ke biye, mutum 80 suka mutu, da yawansu yara. Kafin shekarar ta fita majalisar Ingila ta mai da sarƙafa hannaye doka a kan layukan fasinja.

A layi guda kuma akwai dabarar sanda. Tsakanin tasha da tasha sanda ɗaya ko alamar ƙarfe ɗaya ce ke iya fita a lokaci guda, direba ba ya shiga wannan tsakani sai tana hannunsa. Tun da abu ɗaya ba ya zama a hannu biyu, jirage biyu ba za su haɗu a tsakiyar daji ba. Wani Ba'amurke William Robinson shi kuma a 1872 ya ƙago sakin 'yar wutar lantarki a cikin dogon kansa: muddin wutar tana isa ƙarshe, layi babu kowa, ƙafafun jirgi suka hau, sai su katse ta, sigina ta koma ja. Hikimar da ke ciki ita ce, in waya ta tsinke ko batir ya mutu ko dogo ya karye, wutar ba za ta isa ba, sigina kuma ja za ta nuna. Watau an gina abin ne yadda lalacewarsa tsayar da jirgi za ta yi. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kanta.

Abin lura a duk waɗannan dabaru shi ne ido yana ganinsu. Ƙarfe ya tokare ƙarfe, ko maƙerin kasuwa aka kai ya duba zai fahimci dalilin da hannu ya ƙi jawuwa. To amma zamani ya juya. A 1985 reluwen Ingila ta fara aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa a madadin ƙarafa a tashar Leamington Spa, yau kuwa sababbin layukan duniya galibinsu kwamfuta ce ke riƙe da makullinsu. Irin wannan kwamfuta dabam take da ta ofis. 'Yar ƙarama ce da ake dasawa a cikin akwati gefen layi, ko cikin fiffiken jirgin sama, ko cikin injin asibiti, ba ta da wani aiki tun daga ranar da aka kunna ta sai sauraron abin da ke faruwa da ba da amsa nan take. Kwamfutar ofis in ta daskare sai a kashe a sake kunnawa, a yi tsaki a ci gaba. Wannan in ta yi kuskure sau ɗaya, makara ake nema.

Wahalar rubuta mata umarni daga wuri ɗaya take tasowa. Duniya tana yin abubuwa da yawa a lokaci guda: jirgi yana shigowa ta kudu, shugaban tasha yana danna maɓalli, masauyi yana tsakiyar motsi. Ita kuwa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya take aiki, sai dai saurinta ya sa ake ganin kamar tare take yi. Hanyar da aka saba ita ce a rarraba aikin gida gida, kowane gida da nasa umarni, su riƙa karɓa-karɓa. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna lugude ya san yadda abin yake. Turmi ɗaya, taɓare uku, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Muddin kowacce ta faɗa a kan lokacinta, gero zai daku har da armashi. Amma ranar da ɗaya ta yi jinkirin ƙiftawar ido, taɓare biyu za su haɗu a bakin turmi. A cikin kwamfuta turmin shi ne wurin ajiyar bayani, taɓaren su ne gidajen aikin nan, bambancin dai shi ne mata suna da ido da kunne, su kuwa makafi ne kurame. Mafi muni, karon ba kullum yake faruwa ba. Ana iya gwada na'ura sau dubu ta yi daidai, a na dubu da ɗaya abubuwa biyu su zo a jere da ba a taɓa gani ba, ta yi ɓarna, a sake gwadawa kuma ta yi daidai kamar ba ita ba.

Kada a ɗauka wannan tatsuniya ce. Akwai wani injin gasa cutar daji da haske mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin gwamnatin Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 sau shida aka tabbatar ya antaya wa majiyyata hasken da ya ninka ƙa'ida nesa ba kusa ba, a Amurka da Kanada, waɗansu suka mutu. A garin Tyler na jihar Texas, inda mutum biyu suka rasu a 1986, aka gano bakin zaren. Ma'aikaciyar da ke sarrafa injin hannunta ya faɗa ƙwarai wajen buga haruffa. Takan buga harafin wani irin haske bisa kuskure, ta koma ta gyara nan da nan. Shi kuwa injin yana bukatar kamar sakan 8 ya daidaita maganaɗisunsa, in gyaran ya faɗo a cikin wannan ɗan tsakani, gida ɗaya na umarnin zai ga gyaran, ɗaya ba zai gani ba. Sai allo ya nuna abu ɗaya, injin ya aikata wani. Mai jinkirin hannu ba zai taɓa cin karo da wannan aibi ba, shi ya sa masu injin suka daɗe suna cewa abin ba zai yiwu ba. Wani abin takaici, injin da ya gabace shi yana da makullan lantarki masu hana irin wannan, irin dai na ɗakin sigina, a sabon aka cire su don an amince da kwamfuta.

A daidai waɗannan shekaru, farkon shekarun 1980, ƙungiyoyi uku na masana a Faransa suna fama da wannan matsala, kowacce a garinta. A Sophia Antipolis kusa da birnin Nice, Gérard Berry da abokan aikinsa suka fito da harshen da suka kira Esterel. A Grenoble, Paul Caspi da Nicolas Halbwachs suka fito da Lustre. A Rennes, Paul Le Guernic da Albert Benveniste suka fito da Signal. In an ce harshe a nan, ana nufin ƙayyadaddun kalmomi da nahawu da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, sa'an nan wata manhaja, mu kira ta tafinta, ta juya rubutun zuwa abin da injin ke ganewa. Harsunan uku sun bambanta a kama, amma tushensu ɗaya, ni kuwa a Hausa ban ga sunan da ya dace da su kamar harsunan bugu ɗaya ba.

Ga dalilin sunan. A gayyar noma, in makaɗi ya sa ganga, manoma ko sun kai hamsin ba kowa ke sara lokacin da ya ga dama ba. Ganga ta buga, fartanya hamsin su sauka tare, a ɗaga, a jira bugu na gaba. Haka waɗannan harsuna suka ɗauki lokaci: jerin bugu ne, ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ke faruwa a tsakani. A kowane bugu na'ura za ta ɗauki hoton duk abin da ke shigo mata gaba ɗaya, halin masauyi, halin layi, maɓallin da aka danna. Sa'an nan duk gidajen aikin su yi lissafi a kan wannan hoto ɗaya, babu wanda ya ga sabon labari wani yana riƙe da tsoho. Sa'an nan a fitar da amsa gaba ɗaya, a jira ganga. Abin da ya iso a tsakiyar lissafi sai ya jira bugu mai zuwa, kowa kuma ya gan shi tare. Da haka aka yi wa injin Tyler, da gyaran ma'aikaciyar ko dai dukan gidaje su gan shi ko dukansu su jira shi.

A kan takarda masanan sun ɗauka cewa lissafin ba ya cin lokaci ko kaɗan, abin da ya sa aka yi musu dariya da farko, don babu injin da ke aiki a cikin babu. Amma abin da ake nufi mai sauƙi ne: lissafi ya ƙare kafin ganga ta sake bugawa. In ana bugu sau ɗari a sakan, wajibi ne injiniya ya auna hanya mafi tsawo da lissafin zai iya bi, ya nuna ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Don wannan awo ya yiwu, harsunan sun haramta abubuwan da sauran harsuna suka halatta. Ba a rubuta umarnin da zai yi ta zagaye ba a san ranar tsayawarsa ba. Ba a neman ƙarin wurin ajiya ana tsakiyar aiki, tun kafin a kunna na'ura an san iyakar abin da za ta ci. Masu rubuta manhajar wayar hannu za su ga wannan ƙunci ne, gaskiyarsu kuwa, ba a yi waɗannan harsuna don wasa ko ciniki ba.

Bari mu ɗauki misali da tasha irin ta Jere. A harshen Lustre ba a cewa yi kaza sa'an nan ka yi kaza. Ana rubuta ma'anar kowane abu ne kamar lissafin makaranta. Sai a ce: siginar kudu kore ce a wannan bugu in masauyi yana kulle, layi kuma babu kowa, siginar arewa kuma ba kore ba ce a bugun da ya wuce. Wannan kalma ta bugun da ya wuce tana da alamarta ta musamman a harshen, ita ce kaɗai hanyar tuna baya. To a ce mai rubutu ya yi sakaci ya ce siginar kudu ta dogara ga ta arewa a wannan bugu, ta arewa kuma ta dogara ga ta kudu a wannan bugu, kamar mutum biyu a bakin ƙofa kowa yana cewa ɗan'uwansa ya fara shiga. Tafinta ba za ta fassara ba sam. Za ta mayar masa da rubutunsa tun yana ofis, ta nuna masa inda maganarsa ta ci kanta. Ni a ganina wannan ƙin fassara shi ne rabin amfanin abin.

Sauran rabin shi ne hujja. Tun da amsar na'ura ba ta dogara ga sa'a ba, abu ɗaya ya shiga abu ɗaya zai fito ko yau ko baɗi, ana iya tuhumarta da lissafi. Gwaji kaɗai ba ya isa, ga kuma dalili. Tasha mai abubuwa 20 waɗanda kowannensu ko a buɗe yake ko a rufe tana da hali 1,048,576 da za ta iya shiga. In abubuwan suka kai 40, halayen sun haura miliyan sau miliyan. Babu ma'aikacin da zai gwada su ɗaya ɗaya ko da zai yi rayuwar Annabi Nuhu. Dabarar mutanen Grenoble ita ce a rubuta ɗan sa ido da harshen nan dai, wanda aikinsa kawai ya yi kururuwa in siginar kudu da ta arewa suka zama kore tare, ko sigina ta zama kore masauyi bai kulle ba. Sa'an nan a ba wata manhaja ta bincika da lissafi ko akwai wata hanya, komai nisanta, da za ta sa ɗan sa idon ya yi kururuwa. Ko dai ta dawo da tabbacin babu, ko ta dawo da jerin abubuwan da in suka faru bi da bi za a yi karo, injiniya ya bi sawu ya gyara. Kuma rubutun da aka yi wa hujja shi ne dai wanda tafinta za ta juya a zuba a cikin akwati, ba a ba wani ya sake kwafa da hannu balle ya ƙara nasa kuskure. Berry ya daɗe yana nanata wannan batu.

Abin bai tsaya a jami'a ba. Kamfanin Merlin Gerin ya ɗauki tunanin Lustre ya gina na'urorin da ke kashe tashoshin nukiliya na Faransa in sun fara zafin da ya wuce kima. Masu ƙera jiragen Airbus su ma suna da irin nasu zane. A shekarun 1990 aka haɗa biyun aka sami manhajar SCADE, wadda da ita aka rubuta babban kaso na umarnin tuƙin jirgin A380. An yi aiki da wannan hanya a siginar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Hong Kong, shi kuma Esterel kamfanin Dassault mai jiragen yaƙi ya yi aiki da shi. A 2012 kamfanin Ansys na Amurka ya sayi kamfanin da ke sayar da SCADE, a 2014 kuma Faransa ta ba Berry lambar zinariya ta hukumar bincikenta, wadda ita ce babbar lambar kimiyya a ƙasar. Ƙa'idojin reluwe na Turai sun kasa na'urori mataki mataki, mafi tsanani shi ne na huɗu, inda ake bukatar a nuna cewa lalacewa mai haɗari ba za ta kai sau ɗaya a awa miliyan 100 ba, watau fiye da shekara dubu goma sha ɗaya. Makullin tashar jirgin fasinja a wannan mataki ake sa shi.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka an sami laya. Harshe yana tabbatar da cewa na'ura za ta yi abin da aka rubuta, ba ya tabbatar da cewa abin da aka rubuta daidai ne. Ranar 23 ga Yuli 2011, kusa da Wenzhou a ƙasar Sin, tsawa ta ƙona fis a na'urar sigina. Maimakon na'urar ta ɗauka layi a cike yake ta tsayar da kowa, kamar yadda Robinson ya koyar tun 1872, sai ta ci gaba da aika labarin da take riƙe da shi kafin tsawar, cewa layi babu kowa. Jirgi ya afka wa jirgi ta baya a kan gada, mutum 40 suka mutu, binciken gwamnatin Sin kuma ya ɗora babban laifi a kan yadda aka tsara na'urar. Haka nan jirgin saman Habasha ƙirar Boeing 737 MAX da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019, minti shida da tashinsa daga Adis Ababa, ya kashe mutum 157, cikinsu har da marubucin nan ɗan Nijeriya Farfesa Pius Adesanmi. Kwamfutar jirgin ta bi umarnin da aka rubuta mata sau da ƙafa. An dai rataya ta ne ga ma'auni guda ɗaya, ma'aunin ya yi ƙarya, ita kuma ta yi ta danna hancin jirgi ƙasa.

Nan ne maganar Asham ta shigo. Masauyin da ke aiki da mota yana da 'yan sandunan da ke gaya wa ɗakin sigina cewa ƙarfe ya manne da ƙarfe, ya kuma kulle. Su ne idon na'ura. Ranar da aka koma sauyawa da hannu ana dannewa da maƙali, makulli ya tashi daga hannun na'ura ya koma ga ma'aikaci da ɗan guntun ƙarfe, komai kyan lissafin da ke cikin akwati kuwa ba shi da abin da zai ce. A dokar reluwe irin wannan hali na wucin gadi ne, jirgi yakan bi wurin da rarrafe har a gyara. Rahoton ya kuma ambata cewa wannan shi ne karo na biyu da jirgi ya goce a wurin cikin wata 13. Mu nan mun saba da wucin gadin da ke shekara, daga famfon unguwa har taransufoma. A layin da mutum ɗari shida ke bi a tashi ɗaya, wannan ɗabi'a ba ta da wurin zama.

Abin da ya fi damuna ma yana gaba. Ana shimfiɗa sababbin layuka, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, kowannensu kuma da akwatunansa na sigina zai zo. Dogo da gada kowa yana iya zuwa ya gani, sanata ma yana iya tsayawa a kai a ɗauke shi hoto. Abin da ke cikin akwati kuwa sai wanda ya iya karatunsa. Ma'aikacin Kafancan na dauri yana iya kwance makullinsa ya shafa masa mai ya mayar, ya kuma koya wa yaronsa. In jikansa na Jere bai iya kome ba sai buga waya a kira ɗan kwangila daga wata ƙasa, to an sami jirgi mai sauri amma an yi hasarar sana'a. Ranar da za a ƙara layi ɗaya a tasha, dole a sake rubuta dokokin makullin, a sake kafa hujjarsu daga farko, wani kuma dabam wanda ba shi ya rubuta ba ya duba ya sa hannu. Wa zai duba mana?

Ba kuma abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Muna da Cibiyar Fasahar Sufuri a Zariya tun 1986, ga Jami'ar Ahmadu Bello a gefenta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kuma Jami'ar Sufuri da aka gina a Daura musamman don reluwe. Tafintar Lustre ta cibiyar Verimag da ke Grenoble kyauta ake saukar da ita a intanet, haka ma manhajar kafa hujja mai suna Kind 2 ta Jami'ar Iowa a Amurka, ƙaramar kwamfutar ɗalibi kuma ta ishe su. Malami ɗaya mai himma yana iya ba ɗaliban shekarar ƙarshe taswirar layukan tashar Jere, ya ce su rubuta makullinta da harshen bugu ɗaya, su kuma kawo hujjar cewa jirgin Idu da na Rigasa ba za su taɓa samun kore tare ba. Su kuma 'yan majalisar da ke kula da sufuri, in za a sake kawo musu takardar kwangilar layin dogo, ya kamata su buɗe shafin sigina su tambaya a wane mataki aka tabbatar da makullin, wane ne mai duba na dabam da ya sa hannu, a hannun wa rubutun dokokin zai zauna bayan ɗan kwangila ya tafi, da kuma kwana nawa aka yarda masauyi ya yi ana juya shi da hannu kafin a hana jirgin fasinja bi ta kansa.